Sunayen da ke cikin karan dawa da reshen mangwaro

Wata ɗaliba mai shirin jarrabawar fita sakandare ta yi tambaya: "Malam, sunayen tishun tsirrai sun cakuɗe mini. Parenkaima, kolenkaima da siklerenkaima duk ƙarshensu ɗaya ne, zailem da fulowem kuwa kullum sai na musanya su. Ina haddacewa, da na shiga aji su gudu. Mene ne ainihin bambancinsu, kuma wace irin ƙwaya ce a cikin kowanne?"

'Yata, kanki lafiya lau yake, hanyar da kika bi ce ta gajiyar da ke. Sunayen nan daga Girkanci aka aro su, kuma duk wanda ya rera su kamar biyu sau biyu bai ga abin da suke nufi ba, ranar jarrabawa watse masa za su yi. Alhali kusan babu ɗaya a cikinsu da ba ki taɓa riƙewa ba, ko ki tauna, ko ki zuba a miya. Na rubuta su a nan yadda bakinmu ke furta su. A takardar amsa ki bi rubutun littafinku. In da hali, ki samo ɗanyen karan dawa ɗaya, da reshen mangwaro mai kaurin yatsa, da sabuwar reza, ki ajiye a gabanki kafin ki ci gaba.

Tishu dai taron ƙwayoyin halitta ne masu asali ɗaya da suka haɗu a kan aiki ɗaya. Zan riƙa cewa ƙwaya a taƙaice, kada ki ɗauka ƙwayar hatsi nake nufi. Abin da ya raba ƙwayar tsiro da ta dabba a idon mai dubawa shi ne bango: kowace ƙwayar tsiro tana zaune cikin ɗakinta mai bangon selulos, wani sinadari mai kamar zare. A 1665 da Robert Hooke na Ingila ya yanki toshiyar kwalba siririya ya duba a madubin ƙara girma, ƙananan ɗakuna ya gani a jere, shi ya sa ya ba su sunan da ke nufin ɗaki. Bangaye kaɗai ya gani, masu ɗakunan sun riga sun mutu. Wannan bango shi ne mabuɗin tambayarki. Duk ƙwayar da aka nuna miki, ki tambayi abu uku: tana da rai ko ta mutu, bangonta siriri ne ko mai kauri, kuma da me aka yi kaurin. Amsar ita za ta kai ki ga sunan.

Tushen kowa meristem ne. Wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Carl Nägeli, shi ya raɗa sunan a 1858 daga kalmar Girkanci mai nufin rabawa, domin aikin ƙwayoyinsa ke nan: su rabu biyu, su sake rabuwa. Ƙanana ne, bangonsu siriri, cibiyarsu, wato ɗan dunƙulen da ke jagorantar aikin ƙwaya, babba, a matse suke babu rata a tsakani, kuma ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Akwai na ƙoli, a kan tsinin toho da tsinin saiwa, mai ƙara tsawo. Shi ne tsutsar kara ke cinyewa a dawa ƙarama, manomi ya ga ganyen tsakiya ya bushe alhali na gefe kore shar. Akwai na gefe mai ƙara kauri, za mu zo kansa. Sai na uku da dangin ciyawa suka yi fice da shi, wanda ke zaune a gindin kowace gaɓa da gindin ganye. Ki zaro sillen ciyawa ki tauna gindinsa mai laushi da ɗan zaƙi, wurin ke nan. Saboda shi ne akuya ke cinye ciyawa daga sama, bayan kwana biyu ta sake miƙewa. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ana yanko ɗan tsinin nan na ƙoli a raine shi cikin kwalba don a sami irin rogo da doya marar cuta, domin galibi ƙwayar cutar bairas ba ta kai wa can.

'Ya'yan da meristem ya haifa su ne ke girma su kama sana'a. Julius Sachs, Bajamushe, a 1875 ya kasa su gida uku: na fata mai rufe jiki, na jijiya mai jigilar ruwa da abinci, sai na ciko wanda ya cike duk abin da ya rage. Sunayen nan uku masu ƙarshe ɗaya da suka dame ki duk 'yan gidan ciko ne.

Ki ɓare karan dawar. Farin abin nan mai laushi na ciki, totuwar da yara ke sokawa su ƙera motar kara, galibinsa parenkaima ne. Ƙwayoyinsa masu rai ne, bangonsu siriri, suna da ɗan faɗi, da 'yar rata a tsakaninsu inda iska ke ratsawa. Shi ne talakan tsiro, ya fi kowa yawa kuma babu aikin da ba a sa shi. Yawancin abin da muke ci shi ne: garin da ke cikin rogo, doya da dankali sitaci ne da aka tara a cikinsa, zaƙin rake da takanɗa sukari ne a cikinsa, naman kankana da gwanda shi ne. Ki ɗiga aidin a kan yankakken dankali, wurin zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, shaidar sitacin ke nan. In ya ɗauki koren sinadarin da ke kama hasken rana sai a kira shi kulorenkaima, kuma shi ya cika tsakiyar ganye: a sama dogayen ƙwayoyi a tsaitsaye kamar shingen kara, a ƙasa wasu a warwatse da manyan ramukan iska. In ratar ta buɗe sosai har ta zama hanyoyin iska, sunansa erenkaima. Da shi shinkafar fadama ke tura iska zuwa saiwarta da ke nutse cikin taɓo, da shi bado ke numfashi a tafki. Masara da ba ta da shi kamar nasu, ruwa ya kwanta mata kwanaki kaɗan sai ta yi rawaya. Kuka ma katon jikinta cike yake da parenkaima mai riƙe ruwa, shi ya sa masassaƙi ba ya kallonta. Kuma da yake yana da rai, yana iya komawa ya rabu idan an ji wa tsiro ciwo. Warkewar sara aikinsa ne, haka saiwar da ke fitowa a sandar rogon da aka binne.

Kolenkaima ba shi da dogon labari. Sunan daga kalmar da ke nufin danƙo ne. Mai rai ne, bangonsa ya yi kauri amma ba daidai ba, galibi a kusurwoyi, kuma kaurin na selulos ne da fektin, sinadari mai danƙo, saboda haka yana tanƙwaruwa yana miƙewa tare da tsiron da ke girma. A ƙarƙashin fata yake zama, a ɗanyen reshe da sandar ganye. Kusurwoyin nan da ke bin tsawon yaɗon kabewa shi ne ya tokare su. Da wuya a same shi a saiwa, kuma dangin dawa ba su cika yin sa ba.

Siklerenkaima kuwa, sunan kansa tauri yake nufi. Ƙwayar tana shimfiɗa bango na biyu a ciki, ta cusa masa liginin, sinadarin da ke mayar da abu itace, har ɗakin ya kusa toshewa, sannan galibi ta mutu. Gawarta ce ke aiki. Iri biyu ne. Na farko zare: dogaye, sirara, masu tsini a bakin nan biyu, a ɗaure dami-dami. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fitar da igiyar rama ya ga darasin nan da idonsa. Ana yanko karan a jiƙa a kududdufi na kwanaki, ƙwayoyin ruɓa su cinye fektin ɗin da ya manne ƙwayoyi da juna, parenkaima ya narke ya yi wari, zaren da liginin ya kare ya rage, a wanke a shanya. Lalon da muke miya da shi, a Indiya da Bangaladash don zarensa ake nomansa, da shi ake saƙa buhun algarara. Ƙarfin kabar da ake saƙa tabarma da ita ma daga zare ne, haka taurin ɓawon karan da ke hannunki, wanda kan yanki yatsa. Na biyu su ne siklerid, gajeru masu siffa iri-iri, ana ce musu ƙwayoyin dutse. Ɗan tsakin nan da kike ji a haƙori in kina cin naman gwaba su ne. Su suka taurara ƙwallon magarya, su suka sa ƙwarya ta zama abin zuba fura.

Dukkan waɗannan uku ana kiransu tishu mai sauƙi, domin ƙwaya iri ɗaya ce a kowanne. Zailem da fulowem kuwa haɗaka ne, ƙwayoyi iri-iri a cikin kowane.

Musanyar da kike yi za ta ƙare in kin riƙe ma'anar sunayen, waɗanda su ma Nägeli ne ya raɗa. Zailem daga kalmar itace, fulowem daga kalmar ɓawo. Itacen da kike hura wuta da shi zailem ne, turmi da taɓarya zailem ne, allon makaranta zailem ne. Aikinsa ɗaukar ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa sama, hanya ɗaya babu dawowa. Masu ɗaukar ruwan iri biyu ne kuma dukkansu matattu ne, don sai ɗaki ya zama fanko ruwa ke wucewa. Tirakid siririya ce mai tsini, ruwa na ratsawa daga wata zuwa wata ta ƙananan ramuka a bango. Ƙwayar bututu ta fi ta faɗi da gajarta, bangon bakinta ya huje ko ya ɓace gaba ɗaya, sai a jera su kai da kai kamar gwangwanayen da aka cire wa gindi, su zama bututu guda. Itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura da tirakid kaɗai suke aiki. Masu fure irin namu suna da duka biyun. A gefensu akwai zare don ƙarfi, da parenkaima don ajiya, wanda shi kaɗai ne mai rai a gidan.

Me ya sa bututun ruwa ke buƙatar liginin? Domin ba turo ruwan ake yi daga ƙasa ba, jan sa ake yi daga sama. Ganye na fitar da tururi, wannan ya ja zaren ruwan da ke manne da juna tun daga saiwa, kamar mai zuƙa da tsinke. Dixon da Joly na ƙasar Ailan suka bayyana haka a 1894. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da tsiro ya sha ta ganye yake ficewa. Bututu mai laushi zai lotse a ƙarƙashin wannan ja, shi ya sa aka ɗaure shi da zobba ko murɗaɗɗen kauri na liginin. Idan kika ga tumatir ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, ki tsaga karan. Sau da yawa za ki tarar da jijiyar ta yi ruwan ƙasa, cuta ta toshe zailem. Wuta-wuta ma nan take kai hari: saiwarta na huda saiwar dawa ta haɗa bututunta da na dawar, ta riƙa sha.

Fulowem shi ke raba abincin da ganye ya dafa, sukari narkakke, zuwa duk inda ake buƙata: ƙasa wajen saiwa da rogo, sama wajen toho da zangarniya. Babbar ƙwayarsa ita ce ƙwayar bututun rariya. An kira ta haka ne don bangon da ke tsakaninta da ta gaba a huje yake kamar rariyar tankaɗe. Theodor Hartig ya fara ganin ta a 1837. Abin mamakinta, tana da rai amma in ta balaga ba ta da cibiya. Sai ta dogara da wata 'yar ƙwaya a gefenta, abokiyar zama, wadda uwa ɗaya ta haife su, ita ke riƙe da cibiya tana yi mata hidima. In ɗaya ta mutu ɗayar ma ta tafi. Akwai kuma parenkaima da zare a nan ma, kuma zaren ramar da muka ambata na wannan gida ne, shi ya sa a ɓawo ake samunsa. Bayanin da aka fi karɓa kan tafiyar abincin na Ernst Münch ne, 1930: inda aka loda sukari ruwa na shiga ya yi matsi, inda aka sauke matsin ya ragu, sai ruwan ya gangara daga wurin lodi zuwa wurin saukewa. Ƙwarin darɓa sun san wannan tun kafin masana. Suna soka bakinsu daidai cikin bututun rariya, matsin ya ɗura musu, rarar ta fito ta bayansu ta zama danƙon nan da ke kan ganye. Ta wannan baki suke ɗaukar cutar da ta durƙusar da gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975.

Yanzu ɗauki reshen mangwaron ki ɓare ɓawonsa da farce. Santsin nan mai ɗan danshi tsakanin ɓawo da itace, nan kambiyam yake, meristem na gefe. Siriri ne ƙwarai, amma duk kaurin bishiya daga gare shi yake: yana haifar zailem ta ciki, fulowem ta waje, na cikin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Tsohon zailem na can tsakiya yakan daina ɗaukar ruwa, ya cika da sinadarai ya yi duhu, shi ne jan cikin ƙirya da masu sassaƙa turmi ke nema. Na gefe mai haske shi ke aiki. Shi ya sa bishiya mai kogo ke ci gaba da 'ya'ya abinta.

Masu yi wa mangwaro ko lemo aure, ko ba su san sunan ba, kambiyam suke haɗawa. Ni kaina a farkon koyona na ɓata dashe da dama: ina daidaita reshen a tsakiyar gindin don ya yi kyan gani, alhali gindin ya fi shi kauri, santsin biyu ba su taɓa juna ba. Sai da wani dattijo mai lambu ya karɓi wuƙar ya matsar da reshen gefe ɗaya, ɓawo ya dace da ɓawo, ya ce mini a nan ake ɗaurin auren. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa nake jin zafin masu ɗibar sassaƙe da ke kewaye maɗaci gaba ɗaya. In an cire ɓawo zobe guda an yanke fulowem. Ruwa na ci gaba da hawa ta zailem, ganye na nan kore har mutum ya zaci ba a yi komai ba, amma saiwa na can tana mutuwa da yunwa. A ɗiba ta gefe ɗaya a bar sauran. Kuka ce ta fita daban, ana ɓare ta don igiya ta sake yin sabon ɓawo.

Koma kan karan dawa ki yanka shi a gicciye. Ɗige-ɗigen da ke warwatse cikin totuwa, sun fi yawa wajen gefe, kowanne dami ne na zailem da fulowem da zare ya naɗe. Babu kambiyam a tsakaninsu. Haka dangin tsirran da irinsu ke tsirowa da ganye guda ɗaya suke: dawa, gero, masara, rake, har giginya da dabino, shi ya sa ba a yi wa dabino aure, 'ya'yan gindinsa ake cirewa a dasa. A wake, rama da mangwaro dammunan a zobe suke jere, da kambiyam a tsakiya. Soson wanka ma ragar irin waɗannan dammuna ce da ta rage bayan naman ya bushe. A ganyen gero, dawa, masara da rake kuwa, kowane dami na da zoben manyan ƙwayoyi kore kewaye da shi, tsarin da ake kira Kranz, wato kambun fure a Jamusanci. Wannan tsari na cikin abin da ya sa suke dafa abinci da kyau a zafin da ke wahalar da alkama, da ruwa kaɗan.

Fatar tsiro, efidamis, galibi layi ɗaya ce ta ƙwayoyi masu rai a manne, an shafe ta da kakin da ake kira kutikul don hana ruwa tsira. Tantanin nan da ke ɓarewa a cikin ɓawon albasa ita ce. A jikinta akwai ƙofofi, sitomata, kowace da ƙwayoyi biyu masu gadi. In sun sha ruwa sun kumbura ƙofa ta buɗe, in sun saki ta rufe. A wake siffar ƙoda gare su, a dangin ciyawa kuwa kamar taɓarya, siriri a tsakiya da kai biyu. Ganyen masara da ke naɗewa da tsakar rana in an yi fari, wasu manyan ƙwayoyin fata ne masu kama da kumfa suka saki ruwa, ganyen ya lanƙwashe. Gashin jikin kuɓewa da kabewa tirikom ne. A nan ɗalibai ke faɗawa rami: auduga ba siklerenkaima ba ce duk da ana ce mata zare. Kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce tal ta fatar angurya da ta yi tsawo, kusan zallar selulos. Gashin saiwa ma ƙwayar fata ɗaya ce da ta miƙe cikin ƙasa. Su ke tsinkewa wajen cirar dashe, shi ya sa ake dashen tumatir da yamma a ba shi ruwa nan take.

In reshe ya yi kauri fatar fari ta tsage, sai wani kambiyam na biyu, felojen, ya taso ya riƙa haifar matattun ƙwayoyi masu suberin, wanda ruwa ba ya ratsawa. Wannan rufi shi ne feridam, shi ne ɓawon dankali da na rogo na waje, shi ne abin da Hooke ya duba; ana ɓaro shi daga wata bishiya da ta fi yawa a Fotugal. Ɗige-ɗigen jikin ɗanyen reshe ƙofofin numfashinsa ne, lentisel. A saiwa kuma ki riƙe suna biyu: endodamis, zoben da ke kewaye jijiya, mai ɗamarar suberin da Robert Caspary ya bayyana a 1865, wadda ke tilasta ruwa ya bi ta cikin ƙwaya a tace shi, sai ferisaikul a cikinsa, inda rassan saiwa ke ɓullowa.

Sauran masu fitar da ruwaye ne, kuma madafa ta fi aji saninsu. Farin nonon tumfafiya da na gwanda daga wasu bututu yake da ake kira latisifa. Yauƙin kuɓewa da kuka a cikin ƙwayoyi na musamman yake. Ƙamshin da ke fesowa in kin matsa ɓawon lemo daga ƙananan aljihunan mai ne. Ƙaiƙayin gwazar da ba ta dahu ba kuwa, wasu ƙwayoyi ne cike da allurai na gishirin kalsiyam, rafaid, masu sukar maƙogwaro.

Kafin jarrabawa ki yi wannan sau ɗaya. Ki yanko ɗanyen karan alayyafo da ganyensa, ki tsoma gindin cikin ruwan da kika zuba wa jar kalar abinci, ki ajiye a inda iska ke kaɗawa daga safe zuwa azahar. Sannan ki yanka shi a gicciye da reza, siriri iya yinki. Ɗigon da suka yi ja zailem ne. Farin da ke kewaye da su parenkaima ne. In makarantarku na da madubin ƙara girma, ki ɗora yankan a gilashi da ɗigon ruwa, ki nemi fulowem daf da jan ta ɓangaren waje, sannan ki zana abin da idonki ya gani, ki rubuta sunayen a kan zanenki.